Raini da Fargaba: Yadda Turawan Yamma Ke Kallon Kimiyyar Sin

Wani ɗalibi mai karatun injiniya ya aiko mini da wannan tambaya: "Malam, tun muna yara muke jin cewa Sinawa ba su iya komai ba sai kwaikwayo, kuma kayansu ba ya ƙarko. Yanzu kuma kullum labarin shi ne Amurka ta hana a sayar musu da kaza, Turai ta ƙara wa motocinsu haraji. In kwaikwayo kawai suka iya, tsoron me ake ji? Ko ƙarya aka yi mana tun farko?"

Ɗan'uwa, ba ƙarya zalla aka yi maka ba. Hoton yaro aka ɗauka aka rataye a bango, aka ci gaba da nuna wa baƙi shi har mai hoton ya girma ya yi gemu. Na daɗe ina koyar da darasin lantarki da sadarwa, ina kuma bibiyar abin da jaridu da mujallun Turawa ke rubutawa a kan Sin, kuma na lura kallon nasu kamar lilo yake. Yau yana ɓangaren raini, gobe ya koma ɓangaren fargaba, da wuya ka same shi tsaye a tsakiya. Kai an haife ka a ƙarshen zamanin raini, ka yi wayo a farkon zamanin fargaba, shi ya sa maganganun biyu suka yi karo a kunnenka.

Lilon nan ya girmi kakanninmu. A 1620 wani masani ɗan Ingila, Francis Bacon, ya rubuta cewa abubuwa uku sun sauya fuskar duniya: ɗab'i, da albarushi, da allurar maganaɗisu mai nuna wa matuƙan jirgin ruwa hanya. Ya ƙara da cewa ba a san asalinsu ba. Ashe dukkansu a Sin aka fara su. Littafi mafi tsufa da aka buga mai ɗauke da kwanan wata, a can aka buga shi a 868, kusan shekara 600 kafin Gutenberg, mai injin ɗab'i na Jamus. Shen Kuo ya yi bayanin allurar maganaɗisu a rubuce wajen 1088. Takarda kuwa ana danganta ta da Cai Lun, wani ma'aikacin fada, tun shekarar 105, ta biyo ta Samarƙandi ta isa Bagadaza a ƙarni na 8, Musulmi suka kai ta Andalus, daga nan Turai ta samu. Mu ma sunan ba baƙo ba ne a wurinmu, don kowane almajiri ya san zancen neman ilimi ko da a birnin Sin ne. Malaman hadisi sun raunana shi, wasu ma sun ce ba shi da asali, amma ko da nisa kawai ake nufi, ba a buga misalin neman abu da wurin da ba a sa ran samun sa.

Akwai ma lokacin da Turai ce ke leƙen tukunyar Sinawa. Tangaran ya ishe mu misali. Turawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna sayen sa da tsada ba su san yadda ake yin sa ba, sai wajen 1710 aka fara ƙera shi a Meissen ta Jamus. A 1712 wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles, da ke zaune a Jingdezhen, garin matangaran Sin, ya aika gida da doguwar wasiƙa yana zayyana irin ƙasar da ake haɗawa da yadda ake gasa ta. A 1848 kamfanin East India ya tura Robert Fortune, ɗan Sikotilan, ya aske kansa ya sa tufafin Sinawa ya kutsa cikin ƙasar, ya fitar da irin shayi da gwanayen sarrafa shi zuwa Indiya. Da yau aka yi wannan, satar fasaha za a kira shi, a buga shi a shafin farko.

To yaushe sha'awa ta koma raini? A 1793 Ingila ta tura jakada Macartney da kaya na nuna bajinta, na'urorin hangen taurari da agogo da makamai. Sarki Qianlong na Sin ya mayar wa Sarki George na Uku da amsa cewa ƙasarsa tana da komai, ba ta da buƙatar kayan baƙi. Ba a cika shekara 50 ba jiragen yaƙin Ingila, har da masu aiki da tururi, suka ragargaza na Sin a yaƙin ofiyom, aka ƙwace Hong Kong a 1842. Daga nan marubutan Turai suka shiga cewa Sin ƙasa ce da ta daskare, mutanenta sun iya hadda da biyayya amma ba su iya tunani sabo ba. Ka lura da kyau, igwa ce ta sauya ra'ayin. Ba wanda ya zauna ya karanta littattafan lissafi ko na likitancin Sinawa sannan ya yanke wannan hukunci.

Wanda ya zauna ya karanta, sai bayan ƙarni guda ya zo. Joseph Needham masanin sinadaran jiki ne a jami'ar Kembirij. A 1937 wasu matasan masu bincike daga Sin suka zo ɗakin gwajinsu, cikinsu har da Lu Gwei-djen, ta hanyarsu ya koyi harshen, ya je Chongqing a 1943 ana tsakiyar yaƙi, ya dawo ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana rubuta tarihin kimiyyar Sin, juzu'i na farko ya fito a 1954. Shi ya tilasta wa Turawa yarda cewa Sin ta daɗe tana gabansu a fannoni da yawa. Amma dubi tambayar da ta yi suna daga aikinsa: me ya sa kimiyyar zamani ta tashi a Turai ba a Sin ba? Tambaya ce mai kyau, sai dai mutane da yawa sun ɗauki tambayar suka bar juzu'an. Sai aka koma neman wani aibi a jinin Sinawa ko al'adarsu, wani ya ce koyarwar Confucius ce, wani ya ce irin rubutunsu ne, wani ya ce jarrabawar shiga aikin sarki ce ta kashe musu basira.

Yanzu mu zo kan kwaikwayo, tun da shi ne ƙashin bayan tambayarka. Ba wata ƙasa mai masana'antu da ba ta bi ta wannan ƙofa ba. A 1887 majalisar Birtaniya ta yi doka a riƙa rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya a jikinsa, musamman don mai saye ya gane na Jamus ya guje shi, saboda a lokacin ana ganin Jamusawa masu kwaikwayon wuƙaƙen Sheffield ne da araha. Yau wannan tambari shi ne abin alfahari. Amurka kanta, masaƙarta ta farko Samuel Slater ne ya haddace injinan Ingila a ka ya tsallaka da su a 1789, alhali doka ta hana. Kayan Japan a shekarun 1950 abin dariya ne a Amurka, kafin Toyota da Sony su rufe bakin masu dariyar. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kwaikwayo aji ne a makaranta, kuskuren da aka yi shi ne ɗaukar sa a matsayin halin ɗalibin.

Kada kuma ka ɗauka rainin ba shi da tushe ko kaɗan. Daga 1966 zuwa 1976, a lokacin juyin al'adu na Mao, an wargaza jami'o'i, an tura farfesoshi gona, sai a 1977 aka dawo da jarrabawar shiga jami'a. Ƙasar ta yi asarar masana na tsara guda. Bayan ta buɗe ƙofa, gaggawar kamo na gaba ta haifar da abin kunya iri-iri. A 2006 aka gano wani malamin jami'a a Shanghai, Chen Jin, ya sayo ƙwaƙwalwar na'ura ta wani kamfanin Amurka, ya sa an goge sunan da ke kai an buga nasa, ya karɓi kuɗin gwamnati a kan ya ƙirƙiro. A 2008 madarar jarirai da aka gurɓata da sinadarin melamin ta kashe yara 6 ta jawo wa kusan 300,000 rashin lafiya. A 2017 wata mujallar binciken cutar daji ta janye maƙaloli 107 na marubuta daga Sin a lokaci guda saboda maguɗin tantancewa. A 2018 He Jiankui ya taɓa ƙwayoyin halittar wasu jarirai tagwaye ba bisa ƙa'ida ba, har kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara 3. Satar sirrin kamfanoni ma ta faru, an kuma tabbatar da wasu a kotu: a 2018 wata kotun Amurka ta sami kamfanin Sinovel na Sin da laifin satar manhajar injinan iska ta wani kamfanin Amurka. Duk wanda ya ce maka waɗannan ƙage ne na maƙiya, yabawa yake yi ba bayani ba.

Zancen rashin ƙarko kuwa, mu nan mun fi Bature sanin gaskiyarsa in za mu yi adalci. Tambayi duk ɗan kasuwar Kano da ke zuwa Guangzhou. Mai masana'anta ba ya tambayarka wane iri kake so kafin ya tambaye ka nawa za ka biya. Ka ce caja ta naira kaza kake so, zai yi maka ta naira kaza, ya rage tagullar waya, ya cire abin da ke kare ta daga ƙonewa. Iya kuɗinka iya shagalinka. Wayar iPhone da ake yi wa kirari, kaso mai yawa nata a Zhengzhou ake harhaɗa shi, cikin ƙasar da ke yin cajar da ta ƙone maka a sati biyu. Mu muka je muka zaɓo na ƙasan tukunya, sannan muka sa wa duk abin da ya lalace suna ɗan Caina. Sannan ka dubi Tecno da Itel da Infinix da suka cika Farm Centre. Kamfani ɗaya ne mai su, Transsion na Shenzhen, kuma abin da ya ci kasuwa da shi lura ce da abin da manyan kamfanoni suka raina: wurin layi biyu ko fiye saboda yawan yankewar sabis, batir mai jimrewa saboda rashin wuta, da kyamarar da aka daidaita don ta fito da baƙar fata. Wannan ba daga wurin kowa suka kwafo shi ba.

A nan ne nake ganin Yamma ta yi babban kuskurenta, kuma a nan nake so ka tsaya tun da injiniya kake karantawa. A 2011 aka tambayi Elon Musk, shugaban kamfanin motocin lantarki na Tesla, a talabijin ko yana ganin kamfanin motocin Sin BYD abokin gasa ne, ya fashe da dariya ya ce ko mai tambayar ta ga motarsu. A 2014 mujallar kasuwanci ta Harvard ta buga maƙala da take mai cewa me ya sa Sin ba ta iya ƙirƙira ba. A wannan shekarar Joe Biden, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ƙalubalanci ɗaliban makarantar sojin sama su ambata masa ƙirƙira guda ɗaya da ta fito daga Sin. Waɗannan ba jahilai ba ne. Ma'aunin da suke riƙe da shi ne bai auna abin da ke faruwa ba. A wurinsu ƙirƙira ita ce mutum ɗaya ya shiga ɗakin gwaji ya fito da abin da ba a taɓa gani ba, a ba shi lambar yabo. Akwai kuwa wata ƙirƙirar da ba ta da suna ɗaya a kanta, wadda ake yi a filin masana'anta: yadda za a yi abu sau miliyan ba tare da ya bambanta ba, yadda za a rage ɓarnar kaya daga kashi 10 zuwa kashi 1, yadda za a sauya ƙirar abu cikin sati maimakon wata shida saboda mai yin kusa da mai yin gilashi da mai yin batir duk suna unguwa ɗaya. Wannan ilimi a hannun ma'aikata da injiniyoyi yake zaune, ba ya shiga littafi sosai. Lokacin da kamfanonin Yamma suka kwashe masana'antunsu zuwa Sin, musamman bayan ta shiga ƙungiyar cinikayya ta duniya a 2001, sun ɗauka aikin wahala suka bayar suka riƙe aikin ƙwaƙwalwa. Ba su ankara ba cewa a cikin wahalar nan ake koyon sana'ar.

Dubi farantin sola. A ɗakin gwajin Bell na Amurka aka yi na farko mai amfani a 1954. Yau sama da kashi 80 cikin 100 na kowane mataki na ƙera shi a Sin ake yi, kuma faɗuwar farashinsa da ta sa mai shagon caji a ƙauye ya iya saye, daga can ta fito. Batirin lithiyom, Ba'amurke da ɗan Ingila da ɗan Japan ne suka raba kyautar Nobel a kansa a 2019, Sony ya fara sayar da shi a 1991, amma kamfanin CATL na Sin shi kaɗai yana yin sama da kashi ɗaya cikin uku na batiran motocin lantarki na duniya. Jirgin ƙasa mai gudun tsiya, daga 2004 Sin ta sayo daga Kawasaki da Alstom da Siemens da Bombardier bisa sharaɗin a koya wa kamfanoninta, ta buɗe layin Beijing zuwa Tianjin a 2008, yanzu tana da sama da kilomita 40,000, fiye da na sauran duniya a haɗe. Kamfanonin da suka sayar sun yi ƙorafi daga baya cewa an matsa musu, kuma akwai gaskiya a ƙorafin, amma da idonsu buɗe suka sa hannu saboda kwaɗayin kasuwa. BYD ɗin da aka yi wa dariya kuwa, a watanni ukun ƙarshe na 2023 ta sayar da motocin lantarki zalla fiye da Tesla. Shugaban Ford, Jim Farley, ya faɗa da bakinsa a 2024 cewa ya yi watanni yana tuƙa motar Xiaomi ta Sin kuma ba ya son rabuwa da ita. Raina kama ka ga gayya.

Daga nan lilo ya koma ɗaya gefen. A 2015 gwamnatin Sin ta fitar da shirin da ta sa wa wa'adin 2025, ta lissafa fannoni goma da take son ta mamaye, aka karanta shi a Washinton kamar takardar shelar yaƙi. A ƙarshen 2018 aka kama Meng Wanzhou ta kamfanin Huawei na Sin a Kanada bisa buƙatar Amurka, a 2019 aka sa kamfanin cikin jerin waɗanda ba a yarda a sayar musu da fasahar Amurka ba. A Oktoban 2022 aka toshe sayar wa Sin gaba ɗaya manyan ƙwaƙwalen kwamfuta da injinan ƙera su. A 2024 Amurka ta sa harajin kashi 100 kan motocin lantarkin Sin. Sai ga Huawei ta fito da wayar Mate 60 Pro a 2023 da ƙwaƙwalwar da aka ƙera a gida, sai ga DeepSeek a Janairun 2025, wani ƙaramin kamfani a Hangzhou, ya saki manhajar ƙirƙirarriyar basira da ta yi kafaɗa da na Amurka, darajar Nvidia, kamfanin Amurka mai yin ƙwaƙwalen kwamfuta, ta faɗi da kusan dala biliyan 600 a rana ɗaya. Jaridun da jiya suke cewa ba su iya ba, yau suna cewa sun gama da mu.

Wannan ma akwai zuzutawa a ciki, kuma ina so ka riƙa tambayar wa ke magana. Yamma ba baki ɗaya ba ce. Masanin kimiyya da ke aiki da takwaransa na Beijing ko Hefei yawanci ya fi kowa sanin gaskiya, ya san waɗanne ɗakunan gwaji ne na gaske, waɗanne ne na cika takarda. Ɗan kasuwa yana yabo in yana neman shiga kasuwar, yana kuka in yana neman gwamnatinsa ta kare shi. Ɗan siyasa da mai sayar da makamai kuwa, girman dodo shi ne girman kasafin kuɗi. Wata cibiyar bincike a Ostireliya, ASPI, ta ce a 2024 Sin ce kan gaba a fannoni 57 cikin 64 na fasahohi masu muhimmanci. Alƙaluman sun yi ta yawo, amma abin da suka ƙirga shi ne maƙalolin da aka fi ambato, ba kayan da aka ƙera ba, kuma ma'aikatar tsaron ƙasar tana cikin masu ba cibiyar kuɗi. Gaskiya ne Sin ta wuce Amurka a yawan maƙalolin kimiyya tun 2016, kuma a 'yan shekarun nan ta wuce ta a ma'aunin Nature Index da ke ƙirga manyan mujallu kawai, wanda ya fi wuyar yi wa maguɗi. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, musamman a ilimin sinadarai da na kayan ƙira. Amma har yanzu injin da ke zana ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ƙanƙanta kamfani ɗaya ne a duniya ke yin sa, ASML na Holan, kuma ba a taɓa sayar wa Sin ko ɗaya ba. Jirgin saman fasinjansu, C919, da ya fara jigila a 2023, da injin haɗin gwiwar Amurka da Faransa yake tashi. Abin da suke kashewa kan binciken tushe, wanda ba a sa ran riba daga gare shi nan kusa, bai kai kashi 10 cikin 100 na kuɗin bincikensu ba. Kuɗin da aka yi ta yayatawa cewa DeepSeek ta kashe, ƙasa da dala miliyan 6, na zagayen horo na ƙarshe ne kawai, ban da injina da albashi da gwaje-gwajen baya. Sannan akwai tambayar da masu sukar Sin ke yi wadda ni ma ban raina ta ba: ilimi zai iya yin nisa har ina a inda faɗin gaskiya ke iya jawo wa mutum kiran 'yan sanda? Likita Li Wenliang na Wuhan an kira shi an ja masa kunne a farkon 2020 don ya gargaɗi abokan aikinsa kan sabuwar cuta, cutar ta kashe shi bayan 'yan makonni. A daidai wannan lokaci kuma wani masanin Shanghai, Zhang Yongzhen, ya saki taswirar ƙwayar cutar ga duniya, wadda da ita aka fara haɗa rigakafi a Amurka da Jamus. Ƙasa ɗaya, wata ɗaya.

Masu cewa ina kyautar Nobel ɗinsu, amsar ita ce a fannin kimiyya guda ɗaya ce tak aka bayar kan aikin da aka yi a cikin ƙasar, kuma ta shafe mu kai tsaye. A 1967 gwamnatin Mao ta kafa wani shiri na sirri don neman maganin zazzaɓin cizon sauro, saboda sojojin Biyetnam da take mara wa baya suna mutuwa da shi. Wata mata, Tu Youyou, ba ta da digirin dakta, ba ta yi karatu a waje ba, ta bi tsofaffin littattafan magani tana gwada tsirrai. Wani tsiro dangin tazargade ya riƙa ba da sakamako yau ya yi gobe ya ƙi. Sai ta ci karo da bayanin Ge Hong, likitan ƙarni na 4, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa a matse a sha, bai ce a dafa ba. Nan ta gane zafi ne ke lalata sinadarin, ta sauya hanyar tatsowa, ta kuma gwada a jikinta kafin a ba marasa lafiya. Wannan shi ne atemisinin, tushen maganin maleriya da ake rubuta wa 'ya'yanmu a asibiti yau. A farkon shekarun 1970 aka gano shi, sai a 2015 aka ba ta kyautar. Wato kyautar Nobel labarin abin da aka yi shekara 30 ko 40 baya take bayarwa, ba za ta gaya maka abin da ake yi a ɗakunan gwajin Sin a bana ba.

Fargaba tana da nata hasarar ga mai jin ta, kuma Amurka ta taɓa ɗanɗanawa. Qian Xuesen, masani ɗan Sin, yana cikin waɗanda suka kafa ɗakin gwajin rokoki na JPL a Kalifoniya. A zamanin farautar 'yan gurguzu aka zarge shi, aka ƙwace masa izinin aiki, aka tsare shi a gida shekara 5, aka sallame shi zuwa Sin a 1955. Shi ya jagoranci shirin makamai masu linzami da na sararin samaniya na ƙasar, wadda ta gwada bam ɗin nukiliya a 1964 ta harba tauraron ɗan'adam na farko a 1970. An ruwaito wani tsohon sakataren sojin ruwan Amurka yana cewa korarsa ita ce wauta mafi girma da ƙasar ta taɓa yi. Duk da haka a 2018 ma'aikatar shari'ar Amurka ta sake buɗe wani shiri na farautar masu leƙen asiri a jami'o'i. An kama Farfesa Gang Chen na jami'ar MIT, aka janye tuhumar a farkon 2022, kotu ta wanke Anming Hu na Tennessee, aka rufe shirin a Fabrairun 2022, bayan masana 'yan asalin Sin da dama sun tattara sun koma gida.

Haka a sararin samaniya. A 2011 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana hukumar NASA haɗa kai da Sin ba tare da izini na musamman ba, aka rufe musu ƙofar tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Suka gina tasu, Tiangong, suka kammala a 2022. Suka sauke na'ura a bayan wata a 2019, abin da ba wanda ya taɓa yi, suka sauke wata a duniyar Mas a 2021, suka ɗebo ƙasa daga bayan watan a 2024. Ƙasar watan da kumbon Chang'e 5 ya kawo a 2020 daga wani yanki ne da dutsensa ya fi wanda 'yan sama jannatin Apollo na Amurka suka ɗebo ƙuruciya, don haka masana a ko'ina suna son su taɓa ta. Sai da NASA ta je ta yi wa majalisa bayani kafin ta ba masu bincikenta damar cika takardar neman aro. A 2025 hukumar sararin samaniyar Sin ta sanar da cibiyoyin waje da ta amince ta ara wa, a cikinsu akwai jami'o'in Amurka biyu, Brown da Stony Brook.